Motar da Ta Daɗe a Ajiye: Kada a Yi Gaggawar Sauke Inji

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, motoci masu lulluɓi da tamfol suka yawaita a ƙofofin gidaje da gindin darbejiya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikaci ya koma hawa babur ko adaidaita sahu, ya bar tsohuwar Golf ko Peugeot ko Honda sai ranar ɗaurin aure, ko Sallah, ko daren da rashin lafiya ta taso wa iyali. Ranar da buƙatar ta zo, sai a yaye tamfol, a murɗa makulli, motar ta tashi, ta yi 'yar karkarwa, ta mutu. A sake, ta sake. Wani lokaci ma sai ta yarda ta fita unguwa, ta kai tsakiyar shataletale, sannan ta ɗauke. A nan ne ake kiran bakanike, ya kasa kunne na ɗan lokaci, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan fa sai an sauke inji," ko kuma ya jero kayan da za a sayo: fulogi, koyil, famfon mai, nozul, wataƙila har da kwamfutar motar.

Akwai hujja mai sauƙi da ya kamata mai mota ya riƙe kafin ya zura hannu a aljihu. Mota tana lalacewa ta hanyoyi biyu. Akwai abin da tafiya ke cinyewa, wato ringi da fistin da kuloci da duk ƙarfen da ke gugar ɗan'uwansa. Akwai kuma abin da zama ke ɓatawa, wato fetur da roba da batir da bakin wayoyi, da duk wani rami da ƙaramar halitta za ta iya mayarwa gida. Motar da mai ita ya kashe da hannunsa tana lafiya lau, ya rufe ta wata shida, ba ta yi ko taku ɗaya ba a tsawon wannan lokaci, saboda haka ringinta suna nan yadda ya bar su. In ta dawo tana mutuwa, hankali ya ce a nemi laifin a rukuni na biyu. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, amma tsautsayin da zama ke jawo wa mota galibi mai arhar magani ne. Abin da ke mayar da shi mai tsada shi ne fara bincike daga inda bai dace ba.

Fetur ne ya kamata a fara tuhuma, kuma shi ne mutane suka fi mantawa, domin ana ɗaukarsa abin da ba ya ruɓewa. Alhali fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, wasu marasa nauyi masu saurin tashi a iska, wasu masu nauyi. Marasa nauyin su ne ke saurin kama wuta lokacin da inji yake da sanyi, kuma su ne ke fara gudu idan mai ya zauna. Abin da ya rage yana haɗuwa da iskar da ke cikin tanki, a hankali ya canza launi, ya fara fitar da wani danƙo mai kama da ƙaro. A ƙasashe masu sanyi akan ce fetur yana fara rasa ingancinsa bayan wata uku zuwa shida. Zafi yana gaggauta wannan aiki, kuma motar da ke tsaye a rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ba za a yi mata lissafin Turai ba. Tsohon fetur yana iya tayar da inji, amma ƙonewarsa ba ta da ƙarfi kuma ba ta daidaita, shi ya sa mota ke tashi ta yi tari, ta kasa riƙe kanta.

Inda danƙon ke yin ɓarna ya danganta da irin motar. Masu kafireta, irin Peugeot 504 da 505 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, da yawancin Golf 2 da tsofaffin Datsun, suna da ɗan kwano a jikin kafireta inda mai ke taruwa kafin ya shiga inji. Kwanon yana da kafar shan iska, don haka man cikinsa kan bushe cikin 'yan makonni ya bar ɓawo a gindi. Daga wannan kwano mai ke bi ta wasu ƙananan ramuka, kuma mafi ƙanƙantarsu shi ne na silo, wato wanda ke ciyar da inji lokacin da direba bai taka totur ba. Ramin bai fi bakin allura da yawa ba, ɗan ɓawo kaɗan ya isa ya toshe shi. Wannan ne ke haifar da alamar da kowa ya sani: muddin ƙafa na kan totur mota na raye, ana ɗagawa ta mutu. Injin da ya buga ba ya irin wannan zaɓe. Mota ce mai lafiya da aka toshe wa hanya ɗaya cikin hanyoyin cin abincinta, kuma maganinta a kwance kafireta a wanke, a hura ramukan da iska. Kada a bari a zura waya ko allura a ciki, domin faɗaɗa ramin da ko kaɗan ne yana sa mota shan mai har ƙarshen rayuwarta. Masu injekta kuwa, danƙon kan manne bakin nozul ko ya riƙe famfon da ke cikin tanki. Mercedes 190E da 230E masu tsarin Bosch na KE-Jetronic sun yi ƙaurin suna wajen ƙin jinin zama, saboda akwai wani siririn ƙarfe a cikin marabar mansu da dole ya riƙa hawa da sauka ba tare da cikas ba, kuma tsohon mai na daskarar da shi.

Sai tankin kansa. A halin da ake ciki ba wanda ke ajiye mota da cikakken tanki. Akan bar ta da lita biyar ko goma, sauran wurin duk iska. Da damina iskar nan tana ɗauke da laima, dare ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfe, ta gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa. A tankin ƙarfe kuma ruwan na haifar da tsatsa, ta riƙa ɓarewa tana zuba. Akwai 'yar rariya a bakin bututun da ke jan mai, kuma halinta ne ke bayyana wata alama mai rikita mutane: mota ta yi tafiyar minti biyar ko goma lafiya, ta fara shaƙewa, ta mutu, a bar ta ta huta kaɗan, ta sake tashi kamar ba abin da ya faru. Abin da ke gudana shi ne famfo na tara ɓaraguzan tsatsa a jikin rariyar har mai ya daina wucewa. Da inji ya tsaya zuƙar ta saki, ɓaraguzan su faɗi, hanya ta buɗe na ɗan lokaci. Akwai wani dalilin da ke ba da alama iri ɗaya sak. Tanki yana buƙatar iska ta maye gurbin man da ke fita, kuma yana da ƙaramin bututun numfashi. Zanzaro na son irin wannan rami don gina ɗakinsa na laka, ƙurar hunturu ma na toshe shi. In ya toshe, famfo zai yi ta ja har ya gaza. Gwajin ba ya cin ko sisi: da zarar motar ta mutu a buɗe murfin tanki. In aka ji iska ta shiga da ƙarfi, kuma motar ta tashi nan take, an kama ɓarawon.

Yawancin gwaje-gwajen mai haka suke, ido da hanci da kunne sun wadatar. A tsiyayi kaɗan daga tiyon mai a cikin kwalba mai haske, a ajiye ta minti goma. Sabon fetur garau yake, warinsa mai kaifi. Tsoho yana yin duhu, warinsa ya koma na tsohon fenti, in kuma akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa da layi tsakaninsu. A motar injekta, idan aka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa ba tare da an buga kik ba, ya kamata a ji famfo ya yi gunji na kamar daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya. Shiru na nufin a duba fiyus da rile da waya tukuna, kafin a yanke wa famfon hukunci. Gunjin kuma ba shaidar lafiya ba ce cikakkiya, domin injekta na buƙatar matsin da ya kai kusan ninki goma na abin da kafireta ke nema, kuma famfon da ya raunana yana iya yin ƙara ba tare da ya kai wannan matsi ba. Agogon awon matsi ne kaɗai ke raba gardama. A motar kafireta, kanikawa na da tsohuwar dabara mai kyau: su cire tiyon da ya taso daga tanki su tsoma shi cikin ƙaramin galan na sabon mai. In motar ta zauna daram, an wanke inji da kafireta daga zargi, laifin na baya. A yi wannan a fili, nesa da salansa da masu shan taba, kuma kada kowa ya zuƙi fetur da baki, domin ɗigo kaɗan da ya sarƙe zuwa huhu na iya kwantar da mutum a asibiti.

In mai ya fita daga zargi, sai a koma kan iska. Injin fetur yana son wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi, kuma a silo ne ɗan kuskure ya fi tasiri saboda abin da ke shiga kaɗan ne. Tsohuwar mota cike take da ƙananan tiyoyin roba da ke manne da hanyar iska. Robar da ta shekara 20 ko 30 ta riga ta ƙeƙashe, zaman rana ya ƙarasa ta, ta tsage a inda ido ba ya kaiwa. Iskar da ta saci hanya ta nan ba a lissafa ta ba, sai mai ya yi ƙaranci a haɗin, inji ya riƙa hawa da sauka har ya ɗauke. Sau da yawa ana jin 'yar ƙarar tsotso idan aka kasa kunne. Ɓera kuwa aikinsa biyu: ya tara tsumma da ɓawon gyaɗa a akwatin matacin iska, ya kuma gwaguyi wayoyi. Buɗe akwatin nan aikin minti biyu ne, amma abin mamaki sau tari shi ne na ƙarshe da ake dubawa.

Batir yana da rawar da ta wuce tayar da mota. Ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da cajinsa a hankali, zafi na ƙara saurin hakan, agogo da rediyo da na'urar tsaro kuma na tsotsa dare da rana. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita. Wanda ya sauka zuwa 12 ya riga ya sha sosai, kuma in ya daɗe a haka wani farin gishiri na daskarewa a farantan cikinsa, ba ya ƙara riƙe caji kamar da. Irin wannan batir ake yi wa jam da na maƙwabci, motar ta tashi, amma da an kunna fitila ko na'urar sanyi wuta ta yi ƙasa, famfo da koyil su raunana, ta mutu. Inji na aiki, mita ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka altaneta ce ko belinta. Akwai al'adar cire kan batir alhali inji na gudu wai don a gwada altaneta. A motar da ke da kwamfuta wannan ganganci ne, domin wutar na iya yin tsalle ta ƙona abin da ya fi batirin tsada nesa ba kusa ba. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kwamfutar motoci da yawa na koyon yadda za ta riƙe silo gwargwadon dattin da ya taru a maƙogwaron iska tsawon shekaru. Batir ya mutu, ta manta, ta koma lissafin sabuwar mota, alhali maƙogwaron ya cushe. Sai motar ta riƙa mutuwa a kowace danja. Wanke maƙogwaron da barin inji ya yi zafi ya zauna a silo na ɗan lokaci kan warware matsalar. Yadda mota ke mutuwa ma shaida ce: wadda mai ya yanke wa takan yi tari da jan ƙafa tukuna, wadda wuta ta yanke wa kuwa takan ɗauke ɗif kamar an kashe makulli, kuma a nan ne za a bi bakin wayoyi da suka yi kore, da wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da laimar da ta shiga murfin distribita.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, tunda yanzu akwai masu sa wa mota kwamfuta su karanto ciwonta. Na'urar tana da amfani, amma tana da iyaka. Tsarin OBD-II da take magana da shi ya zama dole ne a Amurka daga motocin 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, don haka 504 da Golf 2 da yawancin tsofaffin Mercedes ba su da bakin da za su amsa mata. Ko a motar da ke da shi, na'urar na faɗin abin da na'urorin ji suka gani ne kawai. Ba ta sansanar mai, ba ta ganin tsatsa. Lambar P0171, alal misali, cewa take mai ya yi ƙaranci a haɗin; ba ta ce na'urar da ta kawo rahoton ce ta lalace ba, amma sau nawa ake cire ta a sayo wata, alhali tsagaggen tiyo ne ko toshasshen mataci? Ga kuma batirin da ya mutu, wanda kan goge tsofaffin lambobi ya haifar da na bogi. A nan ya kamata a yi wa kanikawa adalci. Al'adarmu ba ta biyan kuɗin bincike. Mai mota na ganin in ba a kwance wani abu an ɗaura sabo ba, ba a yi aiki ba. Bakaniken da ya ɓata awa biyu ya gano ɗakin zanzaro a bututu, da ƙyar a ba shi na ruwa, wanda ya canza famfo kuwa ya ci kuɗin aiki har da ɗan abin da ya samu a kasuwar kayan gyara. Mai motar da ya ce, "Malam, zan biya ka kuɗin dubawa daban, amma kada a sayi komai sai ka nuna mini shaida," ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Wasu kuma na ganin gajeriyar hanya ita ce a tuttula sabon mai a kan tsoho, a ƙara da kwalbar maganin wanke nozul. In zaman bai wuce 'yan watanni ba, man bai yi duhu ba kuma ba ruwa, wannan na iya wadatarwa, musamman in tsohon kaɗan ne sabon ya rinjaye shi. Amma sabon fetur ba ya haɗiye ruwan da ke kwance a gindin tanki, maganin kwalba kuma ba ya narkar da tsatsa, kuma ba ya isa ramin da ya toshe ruf tunda mai ba ya bi ta cikinsa. Motar da ta shekara a tsaye tana buƙatar a sauke tanki a wanke, a canza matacin mai. Zuba fetur kai tsaye a bakin kafireta wani na buga kik, wanda ake yi a kowane gareji, yana nuna cewa akwai wuta kuma inji na iya tashi, amma in wutar ta dawo baya fuskar mai zubawa take samu.

Akwai kuma masu cewa su ba ruwansu da wannan matsala, tunda kowace safiya suna tayar da motar ta yi minti biyar. Niyyar mai kyau ce, sakamakon kaɗan. Minti biyar a silo da wuya ya mayar wa batir abin da kik ya ɗiba. Ƙonewar fetur na fitar da tururin ruwa, kuma sai inji ya yi zafi sosai ruwan ke ƙonewa daga baƙin mai da salansa. Gajeren ɗumi tara shi yake yi, ya kuma bar baƙin hayaƙi a kan fulogi. In a rufaffen gareji ake yi, ga haɗarin iskar salansa mai kisa wadda ba ta da wari. Man da ake ƙonawa a safiya bakwai ya fi amfani a haɗa shi a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 sau ɗaya a mako ko mako biyu, birki da giya da tayoyi duk su motsa. Wanda ya san ba zai taɓa motar ba tsawon watanni, ya cire kan batir na baƙar waya, ya tsiyaye kwanon kafireta, ya saki birkin hannu ya sa dutse a taya don kada birkin ya manne.

Ƙalubale mafi ƙarfi shi ne na wanda zai ce zama ma yana iya taɓa cikin inji, kuma gaskiya ne. Danƙon tsohon mai na iya riƙe bawul ya ƙi rufewa. Motar da ta yi shekaru a tsaye, ko wadda ruwan ambaliya ya shiga, tsatsa na iya cin bangon silinda ta kama ringi. Belin taimin da ya bushe na iya tsinkewa ko ya tsallake haƙori a tashin farko, kuma a injuna da yawa hakan na sa fistin ya doki bawul. Saboda haka ne kafin a buga kik ɗin farko ake jan sandar baƙin mai a duba; in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kada a tayar. A duba ruwan lagireto, a kuma juya inji da sifana a ji ko yana zagayawa ba tare da tirjiya ba. Amma duk waɗannan suna da hanyar tabbatarwa wadda ba ta buƙatar a kwance komai sai fulogi. Ana ɗaura agogon awon matsi a ramin kowane fulogi a buga kik, a rubuta abin da kowace silinda ta nuna. In duka sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, kuma sun kai adadin da kamfanin motar ya ƙayyade, ringi da bawul suna riƙe da aikinsu. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a ɗiga ɗan baƙin mai a cikinta a sake aunawa: adadin ya tashi, ringi ne, bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma da waɗannan lambobi a rubuce a takarda ne ya kamata a fara maganar sauke inji da nawa za a kashe.